Kwana 19 da haihuwar ɗiyata, sau ukku kacal na ɗauke ta

Abban Mama:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Ku yi haƙuri zan ɗan ja zance, abin ya kwana biyu yana cina kuma ban da wanda zan faɗa mawa baki da baki, abokai dariya za su yi, manya kuma su ce ban da kunya. Allah ya azurta mu da ɗiya mace yau kwana 19, haihuwar fari. Tun cikin na wata bakwai aka zo aka tafi da maiɗakina goyon ciki gidansu a Daura, ni kuma ina nan Katsina wajen Ƙofar Ƙwaya inda nike haya, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi.

Ranar wata Talata wajen sha ɗayan dare ƙanwarta ta kira ni ta ce Yaya an tafi da Anti asibiti tun bayan isha'i, naƙuda ce. Na miƙe na ɗauki makullin mashin, yayana da muke gida ɗaya ya tare ƙofa ya amshe makullin ya ce wallahi ba inda za ka cikin daren nan. A tsakar gida na kwana bisa tabarma, ba wuta, cajin wayata na ta sauka ina kallo, in na kira a ce har yanzu dai, in na sake kira a ƙi ɗauka. Na yi alwala ya fi sau biyar, in na tada nafila ban san mi nike karantawa ba. Ana sallame asuba na nufi tasha, mota ta ƙi cika, saura mutum biyu, na biya kuɗin kujerun na ce direba don Allah mu tafi. Mun wuce Mashi kaɗan waya ta shigo, an sauka, mace. Ban rufe baki daga hamdala ba yarinyar ta fashe da kuka ta ce amma jini ya ƙi tsayawa.

Jama'a ban san yadda zan kwatanta maku sauran tafiyar nan ba. Mutanen cikin mota na mani barka ni kuma cikina ya ɗuri ruwa. Da na isa aka ce leda biyu ake so, aka gwada ni da ƙanenta Allah ya sa namu ya yi. Ina kwance ana ɗiba ina kallon ledar nan tana cika sannu sannu, ina cewa a raina ya Allah in wannan bai isa ba su ƙara ɗiba, ka bar mani ita dai. Alhamdulillah kafin azahar ta farfaɗo har ta sha shayi.

Sai a lokacin surukata ta fito da jaririyar naɗe cikin wani tsohon zani mai laushi, ta miƙo mani kanta na duƙe ta ce a yi mata huɗuba. Wlh nauyinta kamar tiyar shinkafa. Fuskar jajir, idon a rufe, 'yan yatsun nan da farce har ya fito. Na kai bakina kunnenta na fara kiran sallah, ina zuwa ashhadu muryata ta sarƙe, sai da na tsaya na haɗiye sannan na ida. Na sa mata sunan mahaifiyata da ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ban yi minti biyu da ita ba aka amshe.

To daga ranar zuwa yau sau biyu na ƙara ɗaukarta, ranar suna da wanzami zai yi aski, sai ranar Asabar da ta wuce da na faki ido mutanen gidan sun shiga maƙwabta. In na je Daura a zaure nike tsayawa, a kawo ruwa a kawo abinci, in ji kukanta daga ciki ba halin in shiga, in uwar ta leƙo mu gaisa a tsaitsaye kamar baƙi. Amma waya kam ba ta hutawa, itacen wanka ya ƙare, ba a kawo kauri ba, atamfar fitar suna, goro, sabulu, omo. Ba wai ina ƙorafin hidima ba ne, haƙƙina ne kuma ina yi da daɗin rai. Abin da ke damuna shi ne kamar aikina a haihuwar nan ya tsaya ga aljihu. Shin laifi ne in ɗauki ɗiyata gaban surukaina? Kuma in na ce a maido mani su kafin arba'in na yi rashin ta ido? Don Allah iyaye da malamai na cikin nan ku ba ni shawara.

Maman Walid:
Allah sarki, wlh sai da na yi ƙwalla wajen huɗubar nan. Barka da arziki, Allah ya raya Mama bisa sunna, ya ƙara ma mai jego lafiya.

Ɗan Ƙofar Guga:
Barka ango, ka shigo sahun manya. Allah ya raya. Amma maganar a maido ta kafin arba'in ka bar ta kawai, ba za su ba ka ba, sai dai ka ja ma kanka magana.

Gwaggon Yara:
Ɗana barka, Allah ya raya ya ɗayyaba. Ni na haifi tara na aurar da biyar, jikoki kuwa sai dai in ƙirga da yatsun ƙafa, don haka ka saurare ni. Ba ƙinka ake ba a gidan nan, kara ake maka. Ɗan fari ba naka ba ne, na kakanni ne, haka muka taras. Ni ɗana na fari har ya yi aure ban taɓa kiran sunanshi ba, uban kuwa ko hanya suka haɗu sai ya kauda kai, kuma ba wanda ya kai shi son yaron nan, ranar da yaron ya yi zazzaɓi mai zafi ina jin shi yana kai da kawo a bayan ɗaki har gari ya waye. Kunyar nan ado ce. Kai yanzu ka shiga cikin gida ka zauna gaban matar da ta haifi matarka kana rungume da jaririya kana mata wasa, ita ina za ta sa idonta? Sannan yarinya haihuwar fari mi ta sani? Wa zai dafa mata ruwan wanka safe da yamma, wa zai gasa ma jaririya cibi, wa zai dama mata kunun kanwa? Kai da ke fita aiki tun bakwai? Ka yi haƙuri saura kwana ashirin da ɗaya, kamar gobe ne.

Bakatsine Na Asali:
Gwaggo ta gama magana. Samarin yanzu kun cika zaƙewa wlh, ubanninmu da ba su yi wannan rawar kan ba mi ya same mu? Namiji da kuka don an haihu, gobe kuma sai wankin ɗiyan tsumma. Ka aika masu kuɗi ka kama harkar gabanka malam.

'Yar Daurama:
Bakatsine Na Asali ka ji tsoron Allah. Mutum matarshi ta kusa rasa rai, ya ba da jininshi, ya kwana zaune, shi ne za ka kira rawar kai? Irinku ne mace na ɗakin haihuwa kuna majalisa ana kallon ƙwallo, sai an kira ku sau goma ku zo kuna tambayar nawa ne kuɗin. Ni ranar da na haifi na biyu aka nemi jini, sai da ƙanen babana ya zo daga ƙauye ya bayar, mai gidan wai shi jiri yake ji in ya ga allura. Har yau abin na nan a raina shekara shida, mun shirya amma ban manta ba. Abban Mama matarka ba za ta manta da ledar jinin nan ba har ta koma ga Allah.

Bakatsine Na Asali:
Hajiya ni ban ce kar a kula da mace ba, cewa na yi kowa da aikinshi.

'Yar Daurama:
To aikin uba ya wuce tura kuɗi ta waya.

Malamin Zaure:
Wa alaikumus salam. Barakallahu laka, Allah ya sanya ta cikin salihan bayi, ya jiƙan mai sunan. Ina ganin a raba abin biyu don kar a cakuɗa. Akwai abin da addini ya ɗora maka, akwai abin da al'ada ta ɗora. Ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita Allah ya ɗora ma uba a Suratul Baƙara aya ta 233, gwargwadon hali, wannan ba alfarma ba ce. Amma ɗaukar ɗa da sumbatarshi ba inda aka hana, hasali ma Manzon Allah (SAW) ya yi sallah yana ɗauke da jikarshi Umama, in zai yi sujada ya aje ta in ya miƙe ya ɗauke ta, gaban sahabbai. Kuma da wani ya gan shi yana sumbatar Hasan ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da aka ba shi ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙanshi. Don haka ɗan'uwa Bakatsine ka janye kalmar rawar kai. Ita kuma kunyar surukai da Hajiya Gwaggo ta faɗa abu ne mai kyau, ba a ce a yar da ita ba, sai dai ba ta kai ta shiga tsakanin uba da ɗiyarshi ba. Ana iya haɗa biyun, a fiddo maka ita zaure.

Abban Mama:
Allah gafarta Malam na gode, hankalina ya ɗan kwanta. Gwaggo ni ma ban ce zan shiga ɗakin surukata in baje ba wlh ko an ce in shiga ba zan iya ba. Ko a zauren ne a miƙo mani ita na minti goma. Ni fa sunan mahaifiyata gare ta, in na kalle ta wani abu nike ji da ban iya faɗi.

Sista Mai Awo:
Barka Abban Mama. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata goma sha ɗaya a ɓangaren masu haihuwa, kuma akwai abin da na gani cikin labarinka da ya fi maganar ɗauka muhimmanci a wajena. Matar da ta zubar da jini har aka ƙara mata leda biyu ba irin sauran masu jego ba ce. Gwaggo ki gafarce ni, ke uwa ce, amma maganar kunun kanwa da ruwan wanka mai tafasa sai an yi hattara. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana tada hawan jini, ga zafin wanka safe da yamma, wasu ma har da kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, duk zuciya ake ɗora ma aiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciyar da ke kama matan Hausawa bayan haihuwa, kuma suka alaƙanta shi da waɗannan abubuwan. Ba su kaɗai ke kawo shi ba amma suna ƙara ma Borno dawaki. Don Allah ka tambaye ta da kanka, ƙafafunta na kumbura? Tana haki in ta ɗan yi tafiya? Tana iya kwanciya a miƙe ko sai ta jingina da filo? Tari da daddare? Ciwon kai mai tsanani ko gani dishi dishi? In akwai ko ɗaya kar a jira arba'in, a kai ta a auna ta. Wanka ta yi da ruwa mai ɗumi wanda jiki zai ɗauka, kunu a dama mata na gyaɗa ko na tsamiya, ta ci nama da hanta da ƙwai da wake da zogale, ta sha maganin ƙarin jinin da aka rubuta mata har ya ƙare.

Gwaggon Yara:
Ke 'yar nan, tara na haifa duk da kunun kanwa da ganyen darbejiya na yi jegonsu, ga ni nan garau ina zuwa Babbar Kasuwa da ƙafata. Yanzu kun hana komi shi ya sa yaran yanzu haihuwa ɗaya sun zama kamar tsumma. Mace in ba ta gasu ba ɗanyen jiki gare ta.

Sista Mai Awo:
Allah ya ƙara lafiya Gwaggo, ya sa mu kai shekarunki. Amma ki tuna tsakaninki da Allah, cikin sa'o'inki mata nawa aka ce kumburi ya kama su bayan haihuwa, ko aka ce sanyin jego ne ya shige su, suka tafi kafin a yaye yaron? Ke kin tsallake, su ba su nan balle su ba mu nasu labarin. Mu muke amsarsu a asibiti ƙafa kamar turmi numfashi sama sama. Ban ce a bar wanka ba, cewa na yi a sirka ruwan, kanwar kuma a bar ta.

Gwaggon Yara:
Akwai kam. Ƙanwata da muke ciki ɗaya haka ta tafi, wata biyu da haihuwa, ni na shayar da yaron tare da nawa. Mu dai a lokacin cewa aka yi iska ce. Allah ya jiƙanta. To a sirka ɗin.

Maman Walid:
Allah ya jiƙanta Gwaggo ya sa ta huta. Sista don Allah tunda kina nan, maganar belu fa? Surukata ta matsa sai an cire ma nawa.

Sista Mai Awo:
Kar ki yarda Maman Walid. Belu halitta ce kowa da shi aka haife shi, ba ya hana shan nono ba ya kawo amai. Abin da ke biyo bayan cirewar shi ne zubar jini, jariri kuwa jininshi duka bai cika kofin shayi biyu ba, ga aska ɗaya a yi ma yara da yawa, ga sarƙewar haƙora. Aski dai a yi, da sabuwar reza. Cibiya kuma akwai man kashe ƙwayoyin cuta mai suna chlorhexidine da ake shafawa, kar a sa toka, kar a sa man goge baki. Abban Mama kai fa, an cire ma taku? An yi mata allurar BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta?

Abban Mama:
Sista belu kam Allah ya taimake ni ina wajen, wanzamin ya fiddo ƙarfen na ce a'a aski kawai, ya ce to ai kuɗinshi ɗaya ne, na ce na ji zan biya duka. Wata gwaggon matata ta yi ta faɗa daga cikin gida wai ɗan boko ya zo da sabon salo, surukina ne ya ce a bar shi ɗiyarshi ce. Allura an yi tun kafin a sallame su, na ga katin. Kumburi kuma gaskiya ban sani ba, kullum da hijabi har ƙasa nike ganinta, kin ga irin abin da nike faɗi kenan, matata ce amma ban san halin da ƙafarta ke ciki ba. Yanzun nan zan kira ta.

Sista Mai Awo:
Madalla. Ka riƙe lissafin katin da kanka, sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 ta ƙyanda da shawara. Nono zalla wata shida ko ruwa ba sai an ba ta ba, na san nan ma za a sha daga da tsofaffi. Ka je ma ka amso mata takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya tun yanzu kafin a zo shiga makaranta ana neman ta.

Ɗan Ƙofar Guga:
Ni abin da ya fi ci mani tuwo a ƙwarya a harkar haihuwa rago ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komi ya tashi, haihuwar da aka yi mani bara sai da na ci bashi na sayi rago don kar a ce, na yi wata biyar ina biya, mai jego kuma bayan sati biyu ko kifi ban iya sawo mata. Abban Mama kai ya ka yi?

Abban Mama:
Kasuwar Mai'aduwa muka je ranar Lahadi da ƙanen matata tunda kusa ce da Daura, na samu matsakaici. Adashen da muke yi a makaranta ne aka ba ni ɗauka ta kafin lokaci, malaman suka yi mani kara. Wani abokina ya ce ai ka ma huta tunda mace ce rago ɗaya ne, wai da namiji ne biyu.

Malamin Zaure:
Akwai hadisin biyu ga namiji ɗaya ga mace, wasu malamai a kai suke. Amma a mazhabar Malikiyya da muke bi a ƙasar nan ɗaya ne ga kowanne, kuma sunna ce ga mai hali, ba a ce ka ci bashin da zai hana ka ciyar da mai jego ba, don ciyarwar ita ce wajibi. Tunkiya ko akuya ma ta isar in ta cika sharuɗɗan layya. Ɗan Ƙofar Guga abin da ya kai ka bashi ba addini ba ne, idon mutane ne. Wani abin kuma da mutane ke yi ba su san dalili ba, in an haihu bayan alfijir ba a ƙirga wannan ranar, shi ya sa wadda aka haifa Laraba da safe sunanta ke faɗowa Laraba. Gashin da aka aske kuma ana so a yi sadaka da kimar nauyinshi na azurfa, wannan ba ta kai komi ba amma ita aka fi mantawa, ana can ana rigimar ɗinkin fitar suna da kanofi.

Ɗan Ƙofar Guga:
Wlh Malam da na ji wannan bara da ban sha wahalar nan ba. Amma fa ka kai akuya gidan surukai ranar suna ka ga yadda mata za su yi da kai.

Ma'aikacin Sakatariya:
Barka Abban Mama. Tambaya, wajen aikinku kwana nawa suka ba ka? Don gwamnatin tarayya tun 2021 ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza in matansu sun haihu.

Abban Mama:
Kwana biyu, ranar haihuwa da ranar suna, na ukkun da na ƙara sai da aka zabge shi a albashi. Mu na makarantun kuɗi wannan hutun a rediyo muke jin shi. Shi ya sa sai Asabar nike zuwa in kwana wajen wani abokina in juyo Lahadi da yamma, kuɗin mota kaɗai ya ishi mutum.

Bakatsine Na Asali:
To kwana 14 namiji ya zauna gida ya yi mi? Shi zai ba da nonon?

Baba Mai Ritaya:
Yaro Bakatsine bari in ba ka amsa, ni ba mai yawan magana ba ne a nan, karatu nike ina wucewa, amma yau sai na yi. Shekarata 63, 'ya'yana bakwai. Babban ɗana an haife shi ina aiki a Funtuwa, na zo suna na koma, na bi al'ada sau da ƙafa, ban ɗauke shi ba, ban kira sunanshi ba, in ya rarrafo wajena gaban mutane sai in tashi. Ina son shi kamar raina amma ban taɓa bari ya gani ba. Yau shekararshi 36 yana da nashi iyalin, yaron kirki ne, ba abin da ba ya yi mani, buhun shinkafa, kuɗin magani, komi. Amma in ya zo gaishe ni yana durƙushe a bakin ƙofa kanshi ƙasa, ina wuni Baba, lafiya lau, ya jiki, da sauƙi, shi ke nan zance ya ƙare, sai ya tashi ya shiga wajen uwarshi in jiyo su suna ta dariya. Auta kuwa da na sake ma fuska, ita ke zama gefena ta amshe wayata ta ba ni labarin makaranta. Bara na kwanta asibiti kwana tara shi ya yi jinyata, dare ɗaya na farka na gan shi zaune bisa kujera yana gyangyaɗi, na so in ce mashi wani abu wlh na rasa ta inda zan fara, shekara talatin da shida ban koya ba. Ni na gina katangar nan da hannuna tun yana zanin goyo, ba shi ba. Hajiya Gwaggo gaskiya ta faɗa mijinta na son ɗanshi, ni ma haka, amma yaro ba ya ganin kai da kawon da ake a bayan ɗaki. Abban Mama ka girmama surukanka, kar ka ɗaga masu murya, kar ka ce a maido ta kafin lokaci tunda uwarta ta fi ka iya kula da ita yanzu. Amma ka samu surukinka namiji ku yi magana, ka ce Baba ina so a riƙa fiddo mani ita in na zo. Mutumin da ya tsaya maka a maganar belu zai fahimta.

'Yar Daurama:
Baba ka sa ni kuka. Don Allah ka kira shi yau ko ba ka ce komi ba ka ce ya zo ku ci tuwo tare.

Bakatsine Na Asali:
Allah ya ba da haƙuri Baba, ban yi nufin raini ba. Abban Mama ka yafe ni.

Abban Mama:
Ba komi ɗan'uwa Allah ya yafe mana baki ɗaya. Baba na gode, na karanta naka sau ukku. Sista na kira ta, ta ce ƙafar ta ɗan tasa tun shekaranjiya kuma kanta na sarawa da yamma, ta ɓoye ne don kar a ce raki gare ta. Na kira surukina na faɗa mashi, ya ce gobe da safe shi da kanshi zai kai ta a auna.

Sista Mai Awo:
Yawwa. A tafi da katinta na awo, a faɗa masu an yi mata ƙarin jini. Kanwa a dakata daga yau. In ciwon kan ya tsananta cikin dare ko ta fara gani dishi dishi kar a jira safiya. Ka sanar da mu.

Gwaggon Yara:
Ɗana in uwar tata ta yi gardamar kanwar ka ce wata tsohuwa a Katsina ta ce a bari, ta rasa ƙanwa a kan haka. Tsoho sai tsoho.

Abban Mama:
Salam jama'a, ku yi haƙuri kwana huɗu shiru. An kai ta, jininta ya hau sosai, likita ya ce gara da aka zo, an ɗora ta bisa magani an ce ta dawo bayan sati ɗaya, an kuma hana kanwa da gishiri mai yawa, da bakin likita surukata ta ji don haka ba a yi gardama ba. Ƙafar ta fara saɓewa. Sista Allah ya biya ki, Gwaggo na isar da saƙonki, ta ce a gaishe ki tana maki ta'aziyya ko da an daɗe.

Yau Asabar ina Daura. Na yi niyyar yi ma surukina maganar da Baba Mai Ritaya ya ce, tun a mota nike haɗa kalmomin, muka gaisa a zaure bayan la'asar na buɗe baki na kasa, sai zancen damina nike ta ja. Ya dube ni ya yi shiru, ya tashi ya shiga cikin gida, ina zaton ruwa zai sa a kawo. Sai ga shi ya fito da ita da kanshi a kafaɗa, ya duƙa ya ɗora mani ita bisa cinya ya ce riƙe uwarka ni zan je masallaci, kar ka tashi sai na dawo. Ya ja ƙyauren zauren ya fita, alhali ko kiran magariba ba a kusa yi ba.

Ta buɗe ido ta kalle ni, ta kama babban yatsana ta riƙe gam, gashin har ya fara tsirowa, kunnuwan irin na mahaifiyata ne sak masu ɗan lanƙwasa a sama. Ta yi mani fitsari a shadda na ƙi motsawa don kar ta farka. Uwar ta leƙo ta zauna bakin ƙofa muka yi hira ta fi ta rabin awa, rabon da mu zauna haka tun kafin azumi. Da hannu ɗaya nike rubutun nan tana barci a ɗayan. Sista allurar sati shida ranar Laraba za ta faɗo kuma lokacin sun dawo Katsina, ana iya ci gaba da katin Daura a nan ko sai an buɗe sabo?

Sista Mai Awo:
Katin nan dai shi ne, duk asibitin da ya fi kusa da ku ku je da shi, ka tambayi ranar da suke rigakafi tun kafin lokacin. Uwar ma a sake auna jininta ranar. Ka nemi izini wajen aiki ka raka su.

Baba Mai Ritaya:
Nawa ya zo jiya da daddare, mun ci tuwo kwano ɗaya. Bai ci da yawa ba, ni ma haka. Ya ce zai dawo Juma'a da yaran.